Uwale da Ƙurar Garke

Tun Nasara ba su taka ƙasar nan ba, lokacin da Dakoro ba ta wuce ƴan unguwanni da suka kewaye rijiya ɗaya ba, an yi wata mata ana ce da ita Uwale. Daga wajen Ɗan Gulbi aka kawo ta tana amarya, bisa jaki, da ƙorenta da tabarmarta, aka sauke ta gidan Abarci mai ginar rijiya. Gajeruwa ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa, kuma Allah bai ba ta ƙaramar murya ba. In tana gaishe ka, na nesa sai ya ɗauka faɗa ake. Sana'arta sussuka da shiƙa. Gidan da ya fiddo dammunan hatsi daga rumbu sai ya aika a kira ta, ta sussuke, ta sheƙe, a zuba mata rabonta ta aza a ka ta koma gida.

Ta haifi huɗu, uku suka koma tun suna goye. Na ƙarshen ya zauna, aka kira shi Jimrau. Ya tashi dogo kamar ubansa, amma zuciyar uwarsa ya ɗauko, ba a taka shi ya kyale.

Shi kuwa Abarci mutum ne mai sanyi. Shi ya ja gaba aka gina babbar rijiyar garin, mai zurfin da in ka leƙa sai ka ga ruwan kamar ƙwayar ido. Shekarun da ya yi a ƙarƙashin ƙasa yana shaƙar turɓaya su suka cinye masa ƙirji. Da girma ya zo masa sai fuka ta kama shi, ya bar shiga rami, ya koma gindin aduwar ƙofar gida yana tufkar igiyar guga.

Gidansu yana unguwar arewa, kuma hanyar da bisashe ke bi zuwa rijiya ta tsakiyar unguwar ta ratsa, danga nan, danga can. A shekarun lafiya wannan bai dami kowa ba. Garken gari ya wuce da safe, ƴar ƙura ta tashi ta kwanta, mata su fito su tsince kashin shanu don wuta.

Sai aka yi wata shekara da damina ta yi gardama. Tabkunan arewa suka ƙafe tun ana girbi, rijiyoyin wajen Azagor suka koma ba da laka. Kafin bazara ta kankama, duk mai dabba a ƙasar ya ji labarin cewa rijiyar Dakoro ba ta ƙafe ba. Fulani suka fara zuwa da jajayen shanunsu masu dogayen ƙahoni. Bayansu Abzinawa suka sauko da raƙuma da tumaki da shanu, ƙarƙashin wani babbansu mai suna Agali, suka kafa zango arewa da gari. Daga nan hanyar unguwar ba ta ƙara hutawa ba. Garke na shiga, garke na fita, tun fitowar rana har faɗuwarta.

Uwale ta san ƙura, a cikinta ta tsufa. Amma wannan ba irin wadda ta sani ba ce. Kofato ya niƙe rairayin hanyar tare da busasshen kashin dabbobi har ya zama laushi kamar garin tuwo, mai wari, mai ɗaci a maƙogwaro. In ta tashi ba ta kwantawa, don kafin ta sauka wani garken ya iso. Ta ratsa danga, ta ratsa zana, ta shiga ɗaki ta zauna. Ko an rufe hura da faifai, in ka sha sai ka ji ƙasa a haƙori. Da tsakar rana kana iya kallon rana ido da ido, ta yi ja kamar tasar jan ƙarfe. Kaji suka riƙa yawo baki buɗe. Idanun yara suka yi jawur suna kwantsa. Mata suka gwada jiƙa tsumma su rataya a ƙofar ɗaki, to amma ruwan ma sai an yi kokawa da masu shayarwa ake samun tulu guda.

Tari ya cika unguwar. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Goggo Mariama, ta yi ta tari har ta fara fidda jini, aka kai ta makwanci. Ba a jima ba jinjirin gidan da ke kallon nasu ya bi ta.

A gidan Uwale mutum biyu ne a bakin ramin. Abarci ya bar gindin aduwa ya koma ɗaki, ba ya iya kwanciya, sai dai ya zauna ya jingina da bango, ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar zuga-zugi. Ga kuma Zalika, matar Jimrau, ta haihu ko wanka ba ta gama ba. Jinjirar, Aisata, in tana numfashi sai ka ji wani siririn fito, haƙarƙarinta na shiga yana fita. Uwale ta dafa sabara, ta narka man shanu ta ɗura musu, ta yi duk abin da ta gada. A banza. Magani na shiga ta baki, ciwon na shiga ta hanci.

Mutanen unguwa suka je wurin maigari Mahamman. Ya saurare su, sannan ya ce ya riga ya taka har zango. Agali ya ce masa saniya hanya ɗaya ta sani, kuma in za a kewaya ta bayan jigawar yamma, tafiyar ta yi tsawo ga dabbar da yunwa ta cinye, ga gonakin mutane a wurin.

"To mi kuke so in yi?" in ji maigari. "Takubban da ke zangon can sun fi tabaren garin nan yawa. Ku yi haƙuri, ruwa na tahe."

Amma ko gajimare babu a sama.

Wata safiya Uwale ta zagaya bayan rumbu ɗibar kara, sai ta tarar da Jimrau a tsugune, ya baje kibau a kan fata, yana shafa musu baƙin dafi da tsinke. Ya ɗago ya gan ta, bai ɓoye ba.

"Wanga fa?" ta ce.

"Abin da kika gani, Inna."

"Farauta za ka?"

"Mun sare ƙaya, tana bayan gidan su Ɗangoggo. Yau da la'asar, in babban garken Agali ya taho, za mu toshe bakin hanya. Wanda ya sa hannu ya janye, shi ya jawo ma kansa."

Ɗangoggo abokinsa ne, shi ne uban jinjirin da aka binne.

"Ku nawa ne?"

"Mun isa."

"Kun isa a mutu, ko kun isa mi? In kun kashe mutum guda a cikinsu, kafin magariba akwai ɗakin da zai rage a tsaye cikin unguwar nan?"

"To mu zauna a binne mu ɗaya-ɗaya? Ki shiga ki dubi Baba. Ki dubi ɗiyata." Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da shafa dafinsa.

Gaskiyarsa ce, kuma gaskiyar za ta kashe shi. Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa, sannan ta ajiye karan, ta shiga ɗaki ta ɗaura zanen fita. Abarci ya bi ta da ido.

"Ina za ki?" ya ce da ƙyar.

"Baƙo zan kirawo maka, maigida."

Ta bi gefen hanyar ta yi arewa, tana kutsawa tsakanin shanu, ta rufe hanci da bakin zane. A zango karnuka suka taso mata, wani ya kore su. Ta ce Agali take nema. Aka yi mata kallon mahaukaciya, amma aka nuna mata wata rumfar fata. Yana zaune a kan shimfiɗa, dogo, siriri, rawani baƙi ya naɗe masa kai, amawali ya rufe masa baki da hanci, idanu kaɗai ake gani. Takobi na kwance a cinyarsa.

Ta durƙusa ta yi gaisuwa. Muryarta ta sa raƙumin da ke kusa ya juyo.

"Ranka shi daɗe, ni matar mutumin da ya gina rijiyar da kuke sha ce."

Agali yana jin Hausa, ko da yake tana fita da nauyi a bakinsa. Ya ce, "Yana raye?"

"Yana raye yau. Gobe sai Allah. Bisashenka sun sha ruwan hannunsa, kai ba ka taɓa zuwa ka ce masa sannu ba. Haka ake yi a ƙasarku?"

Agali ya daɗe yana kallon ta. A ƙarshe ya ce, "Ba haka ake yi ba. Ina zuwa."

"In za ka zo, ka zo da la'asar."

Ta dawo gida. Ta tarar da Jimrau ta gaya masa abin da ta yi. Ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi.

"Kin kira shi cikin gidanmu?"

"Na kira shi. Baƙon ubanka ne. In kibiya ta tashi yana cikin gidan nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba. Ka je ka gaya ma sauran."

Ya ɗauki kwarinsa ya fita.

Da la'asar Agali ya iso bisa farin raƙumi, da mutum biyu a bayansa. Uwale ta shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, jikin dangar da ke kallon hanya. Sa'ad da take gyara shimfiɗar ta hangi motsi ta tsakanin kara: samari ne a laɓe a lungun da ke bayan dangar, kowa da baka a hannu. Ta gane ƙafar ɗanta. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta kawo hura a sabuwar ƙwarya.

Ba a gama gaisuwa ba ƙasa ta fara rawa. Babban garken ya shigo unguwar, kukan shanu da ƙarar ƙahoni na haɗuwa, makiyaya na ihu a baya. Ƙurar ta taso ta haye dangar kamar gulbi ya yi ambaliya. Nan da nan rumbun da ke tsakar gidan ya ɓace wa ido. Farar hurar da ke gaban baƙi ta yi ja a sama. Daga ɗakin Zalika jinjirar ta fara wani kuka marar ƙarfi, yana yankewa.

Agali ya sa hannu ya ƙara jan amawalinsa sama, har ƙarƙashin ido.

Uwale ta ce, "Ranka shi daɗe, sauke shi."

Ya juyo. "Mi kika ce?"

"Amawalin. Sauke shi ka shaƙi abin da muke shaƙa."

Kowa a ƙasar ya san Ba'abzine ba ya buɗe bakinsa gaban mutane, balle gaban mace baƙuwa. Ka ce masa ya sauke amawali, kamar ka ce ya tuɓe wando a kasuwa ne. Ɗaya daga cikin mutanensa ya zabura, ya zare takobi har rabi. A bayan danga Uwale ta ji ƙarar baka ana ja. Ta san hannun wa ke kan tsirkiyar. Ta matsa a hankali ta tsaya tsakanin mai takobin da dangar, ta ba ɗanta baya, yadda in kibiya ta taso ita za ta fara samu. Ba ta sauke ido ba.

Ana cikin haka tari ya sarƙe Abarci a ɗaki. Tari ne irin wanda ba ya barin mutum ya ja numfashi, yana yi yana shiƙewa, har aka ji kansa na bugun bango. Uwale ta so ta ruga, amma in ta gusa daga inda take ba ta san abin da zai faru ba. Ta tsaya, hawaye na yanka ƙurar fuskarta.

Agali ya ɗaga hannu, mutuminsa ya mayar da takobi. Ya tashi ya nufi ɗakin, ya sunkuya ya shiga. Ya tarar da tsohon ya zame daga jikin bango, leɓɓansa sun yi baƙi. Ya tallabe shi ya zaunar, ya riƙe shi har tarin ya lafa. Suka yi magana ƙasa-ƙasa, ba wanda ya ji abin da suka ce. Da ya fito bai sauke amawalin ba. Ya ɗauki ƙwaryar hurar, ya shigar da ita ƙarƙashin rawani ya kurɓa, aka ji ƙasa na ƙara a haƙoransa. Ya ajiye.

"Tsohuwa, bakinki ya fi takobi. Amma bisashena sai sun sha ruwa. In na hana su hanyar nan, ina za su bi? A kira maigarinku."

Aka kira Mahamman, ya zo da dattawa, mutanen unguwa suka cika ƙofar gida. Samarin ma suka fito daga lungu, bakunansu a hannu, Agali ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ya yarda garkensa ya kewaya ta bayan jigawa, ko da raunanan za su faɗi a hanya, in dai an buɗe masa wurin wucewa har bakin rijiya. Maigari ya juya ga masu gonakin wurin. Wannan ya dubi ƙasa, wancan ya ce gonar gado ce ba shi kaɗai ke da ita ba. Kowa ya san ƙasar da garke ya mayar hanya ba ta komawa gona.

Uwale ta ce, "Gonarmu na nan, daga gindin jigawa har kusa da rijiya. Gayaunata ma na jikinta. A bi ta ciki."

"Inna!" in ji Jimrau. "Mi za mu ci baɗi?"

"Mu kai baɗin tukuna."

Maigari ya ce gona ta maigida ce, sai an ji daga bakinsa. Aka leƙa ɗaki aka tambayi Abarci. Ba shi da numfashin magana, ya ɗaga kai kawai alamar ya yarda.

Washegari aka jawo ƙayar nan da samari suka sare, aka toshe bakin tsohuwar hanya, wannan karon da yardar kowa. Raƙuman Agali suka bi sabuwar hanya ba gardama. Shanun Fulani ne suka ƙi. Ardonsu, Samba, ya yi iyakar ƙoƙarinsa shi da yaransa, amma dabbobin sun ji ƙanshin ruwa ta inda suka saba, ƙishirwa kuma ta haukata su. Suka yi kan ƙayar suka fara ture ta. Maza na can gaba suna kora, sai matan unguwa suka fito da tabare da zanna suna kaɗawa suna ihu, Uwale a gabansu. Wata jar saniya ta sunkuyar da kai ta kwashe ta, ta maka ta jikin gindin aduwa. Da aka ɗauke ta, ƙugunta ya goce. Tana kwance ana ɗaure ta, tambayarta ɗaya: "Sun juya?" Aka ce sun juya.

Ƙurar ba ta ɓace ba, amma ta koma bayan jigawa, abin da ke isowa unguwar kaɗan ne. A hankali aka fara ganin shuɗin sama. Aisata ta daina fito, ta kama nono da ƙarfi. Abarci kam ƙirjin ya riga ya ƙare. Ya samu ya kwanta a kan haƙarƙarinsa ya yi barci kamar kowa na ɗan lokaci, har ya roƙi a fitar da shi ya sha iska a ƙofar gida. Bai ga damina ba. A sabuwar hanya kuwa shanu da yawa sun faɗi ba su tashi ba, har ungulu suka saba da wurin, kuma akwai makiyayan da suka bar ƙasar suna zagin sunan Uwale.

Da ruwa ya sauka baƙi suka koma arewa, amma hanyar ta zauna, garken gari ma ita ya ci gaba da bi. Gonar ba ta dawo ba. Shekarar da ta biyo gidan ya sha wuya. Jimrau ya yi ƙodago a gonakin mutane, ya daɗe ba ya haɗa ido da uwarsa, magana sai ta dole. Daga baya ya sari sabon daji ta wajen Bader Gula, ya kwashe iyalinsa, ya ce ta zo su tahi. Ta ce ba ta barin ɗakin da mijinta ya mutu a ciki. Sai ya bar mata Aisata, wadda a lokacin ta fara wayo.

Uwale ba ta ƙara ɗaga taɓarya ba, ƙugun bai yarda ba. Ta koma kaɗi, tana zaune da abawa da mazari, jikarta na kai zaren wurin masaƙa. Tana ɗingishi da sanda zuwa duk gidan da aka yi haihuwa ko rashi, ta yi ta ba da umurni da muryar nan tata, ana dariya ana bi. Duk kaka Jimrau kan turo jaki da hatsi, daga baya ya fara rakowa da kansa, ya kwana biyu, su zauna su yi hira kan ruwa da farashin awaki, ba mai tada zancen gona.

Ta ga auren Aisata, ta goyi ɗanta na fari. Ta rasu cikin wata damina mai albarka, ana tsakiyar noma na biyu, har sai da aka bi mutane gona-gona kafin a sami masu ɗaukar makara.